An ce kunnen ɗana lafiya lau, amma ba ya gane magana

Tambaya daga wata malamar firamare a Daura: "Likita, ɗana yana da shekara 1 da wata 8. Kwana 4 da haihuwarsa shawara ta kama shi sosai har aka canza masa jini. Yanzu in an buga ƙofa ko babur ya wuce yakan waiwaya wani lokaci, amma ko Mama bai fara cewa ba, in na kira sunansa kamar da bango nake. An yi masa gwaji biyu. Na farko an ce kunnen lafiya lau. Na biyu, wanda aka manna masa wayoyi a kai yana barci, an ce saƙo ba ya wucewa daidai, likitan ya ambaci wani wuri wai shi kokliya nukiliyas. Kakarsa ta ce miskilanci ne, zai yi magana in lokacinsa ya yi. Mene ne wannan wuri? Kuma ta yaya kunne zai zama lafiya amma yaro bai ji ba?"

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba shi lafiya ya raya miki shi. Gwaje-gwajen nan biyu ba su ƙaryata juna ba, kowanne wurin da ya leƙa daban. Hukunci a kan yaronki na likitan da ya duba shi ne, amma abin da kika faɗa ya yi daidai da wani yanayi da muka sani sarai a ɓangaren kunne, kuma in kika fahimci wurin da aka ambata miki, sauran bayanin zai zo miki da sauƙi.

Sauti in ya shiga kunne yana kaɗa dodon kunne, dodon ya kaɗa wasu ƙananan ƙasusuwa uku, su kuma su tura girgizar cikin katantanwar kunne. Katantanwar nan bututu ne mai ruwa a ciki, ya naɗe sau biyu da rabi da 'yan kai, in an warware shi zai kai milimita 35. A cikinta akwai ƙwayoyi masu gashi iri biyu. Na ciki, wajen 3,500, su ke mayar da girgiza ta zama saƙon jijiya. Na waje, wajen 12,000, aikinsu ƙara wa girgizar ƙarfi, kuma garin yin haka sukan fitar da wata 'yar ƙara da ke dawowa waje ta ramin kunne. Wani masani a Landan, David Kemp, shi ya fara kama wannan ƙara da na'ura a 1978, daga nan aka samu gwajin da za ki ga an rubuta OAE a takardarku. Wannan shi ne gwajinku na farko, kuma iyakar abin da yake faɗa ke nan: ƙwayoyin waje na katantanwa suna aiki. Abin da ya faru da saƙon bayan ya bar kunne, wannan gwaji bai san shi ba.

Daga katantanwa saƙo yana bin jijiyar ji, mai ɗauke da zaruruwa wajen 30,000 a kowane kunne. Tana bi ta wata 'yar kafa a cikin ƙashin kai tare da jijiyar da ke motsa fuska, ta faɗa gindin ƙwaƙwalwa, wato sandar nan da ta haɗa ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. A daidai inda ta shiga, a gefen sandar, ƙarƙashin ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, akwai wani curin ƙwayoyin jijiya wanda tsawonsa bai cika santimita 1 ba. Shi ne kokliya nukiliyas. Ni in ina yi wa iyaye bayani, tashar ji ta farko nake ce masa. Guda biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, kowane kunne da tasa. Duk zaruruwan jijiyar ji a nan suke ƙarewa, babu ko ɗaya da ke zarcewa sama kai tsaye. Kiran salla ne, kukan jariri ne, muryarki ce, in bai bi ta wannan tasha ba ƙwaƙwalwa ba ta san an yi shi ba.

Na ce tasha ne saboda abin da ke faruwa a wurin ya yi kama da motar da ta taso daga Kano ta sauke a Katsina, masu Jibiya su nufi tasu motar, masu Daura tasu, masu Dutsin-Ma tasu. Sai dai a nan saƙon ba rabuwa yake ba, kwafe shi ake yi a aika ta kowace hanya. Kowane zare da zarar ya shigo sai ya yi reshe biyu. Ɗaya ya haura zuwa gaban tashar, ɗaya ya gangara ya ratsa tsakiyarta ya ƙare a ɓangaren baya. Shi ya sa littattafai ke raba ta gida uku: biyu a ɓangaren gaba, ɗaya a baya. Kuma zaruruwan ba a hargitse suke shiga ba. A katantanwa siraran sautuka a bakinta ake jin su, kakkaura a can ƙuryarta, to wannan jerin bai ɓace ba. A kowanne daga cikin gidajen uku, masu kakkauran sauti suna ta ƙasa, masu siririn sauti suna ta sama, a jere daga girgiza 20 a daƙiƙa har zuwa 20,000, iyakar jin ɗan Adam mai ƙuruciya.

To me ya sa ake kwafe saƙo ɗaya har sau da yawa? Domin tambayoyin da ƙwaƙwalwa ke yi wa sauti ba ɗaya ba ne. Daga ina ya fito? Yaushe ya fara? Yaya ƙarfinsa? Wace irin murya ce? Kowace tambaya da irin ƙwayar da aka halitta dominta, kuma siffar ƙwayar ta dace da aikinta. Wata masaniya 'yar Norway, Kirsten Osen, ita ta rarrabe su ta ba su sunaye a 1969 bayan ta yi nazarin ƙwaƙwalwar kyanwa, har yau da yawa daga sunayen nata ake amfani da su.

Ƙwayoyin da suka fi shafar yaronki su ne masu cunkusasshen reshe, a can gaban tashar. Galibin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna karɓar dubban ƙananan saƙonni ne su tattara, in sun taru su harba, wato su aika nasu saƙon gaba. Waɗannan ba haka suke ba. Zaren jijiyar ji yana zuwa ne ya buɗe ya rungume jikin ƙwayar da wani ƙaton baki mai yatsu, wanda yana cikin mafi girman mahaɗar jijiyoyi a duk ƙwaƙwalwa. Wani Bajamushe mai nazarin jikin ɗan Adam, Hans Held, ya bayyana shi a 1893, da sunansa ake kiransa har gobe. Saboda girman wannan mahaɗa, da zarar zare ya harba ƙwayar ma ta harba, babu jira, babu jinkiri, sannan ta koma daidai nan take ta jira na gaba. Aikinta ke nan, riƙe lokaci. A kakkauran sauti tana harbawa ne daidai da kowane kaɗawar sautin, kuma an auna a kyanwa an ga wasunsu sun fi ita kanta jijiyar da ta kawo saƙon iya riƙe lokaci, domin suna haɗa bayanin zaruruwa da dama su zubar da kuskuren kowanne.

Ki duba amfanin wannan. Sauti yana tafiyar mita 340 a daƙiƙa. In mai Keke Napep ya danna oda ta damanki kina shirin tsallaka titi, ƙarar za ta riga isa kunnen dama kafin na hagu, amma tazarar ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. In kusan gabanki yake, tazarar ta fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma an gwada an ga mutum yana iya gane bambancin da bai wuce kashi 10 cikin miliyan na daƙiƙa ba. Tasha ta gaba ce ke kwatanta kunnuwan biyu ta ce daga dama ne, amma da agogon da waɗannan ƙwayoyi suka aiko mata take aiki. Haka hawa da saukar murya. Maƙogwaron namiji yana kaɗawa sau 100 da 'yan kai a daƙiƙa, na mace wajen 200, kuma bin wannan kaɗawa ɗaya bayan ɗaya na cikin hanyoyin da muke gane karin sauti. Hausa kuwa harshe ne mai dogaro da karin sauti da tsawon wasali. Garin tuwo da garin Daura a rubuce ɗaya suke, a kunne tsawon wasalin farko ne ya raba su. Yaron da agogonsa ya rikice, irin wannan bambanci ne ke fara kuɓuce masa.

A gida na biyu akwai wasu ƙwayoyin da rassansu duka suka miƙe gefe guda, Osen ta kira su da sunan dabbar ruwan nan mai hannuwa takwas. Rassan suna ratsa gomman zaruruwa masu sauti mabambanta, kuma ƙwayar ba ta harbawa sai zaruruwa da yawa sun harba a tare. Yaushe hakan ke faruwa? A farkon sauti. Saukar makaɗi a kan kalangu, tafi, fashewar baƙi irin su t da d da k da ƙ a bakin mai magana. Sau ɗaya take harbawa ta yi shiru. Sai kuma masu rassa ta ko'ina, waɗanda muddin sauti na ci gaba suna harbawa a jere daidai wa daida, in ya ƙara ƙarfi su ƙara sauri. Su ke kai rahoton ƙarfin kowane ɓangare na sauti, abin da ke raba wasalin a da i da u, kuma suna riƙe wannan rahoto ko da hayaniya ta yi yawa. Suna cikin dalilin da ya sa kike iya ciniki a tsakiyar kasuwa ki ji abin da mai tumatir ya ce.

Ɓangaren baya shi ne mai ban mamaki, ko da yake bai fi shafar tambayarki ba. Tsarinsa hawa-hawa ne irin na ƙaramar ƙwaƙwalwa, kuma ba saƙon kunne kaɗai yake karɓa ba, har da na wuya da muƙamuƙi da fatar fuska. Nazarin da aka yi a dabbobi ya nuna yana amfani da yadda lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunne ke sauya sauti wajen gane ko daga sama ya fito ko daga ƙasa, kuma yana rage ƙarar da jiki ke yi da kansa, kamar ta tauna, don kada ta rufe ta waje. A mutum hawa-hawan bai fito sarai kamar na kyanwa ba. Masu injin niƙa da masu walda da masu kwana kusa da janareta, waɗanda ke zuwa mana da kukan kunne na yi musu shuu dare da rana, da yawansu in sun cije haƙora ko sun murɗa wuya sai ƙarar ta canza. Wannan haɗuwar saƙon wuya da na kunne ce ke bayyana hakan. An ga a dabbobi cewa in ƙara mai tsanani ta lalata katantanwa, ƙwayoyin wannan ɓangare sukan shiga harbawa barkatai ba tare da wani sauti ba.

Daga tashar saƙo yana fita ta hanyoyi uku, mafi yawansa ya tsallaka zuwa ɗaya gefen, ya bi tashoshi na gaba har ya isa ɓangaren ji na ƙwaƙwalwa da ke saitin saman kunne. Daga tasha ta biyu zuwa sama kunnuwan biyu sun gauraya. Shi ya sa mai shanyewar ɓarin jiki da wuya ka ga ya kurumce a kunne ɗaya, amma in ciwo ya taɓa tashar farko ko jijiyar da ke shigarta, kunnen wannan gefen ne ke tafiya.

Yanzu mu zo kan shawara. Launin ɗorawa da kika gani a idonsa da fatarsa wani sinadari ne, bilirubin, da ke fita in jajayen ƙwayoyin jini sun fashe. Hantar jariri ba ta gama ƙwari ba, ba ta iya kwashe shi da sauri. Kaɗan daga cikinsa ba ya komai, jarirai da yawa suna yi su warke. In ya yi yawa ƙwarai sai ya tsallaka cikin ƙwaƙwalwa, kuma ba ko'ina yake kamawa ba, yana da wuraren da ya fi so. Tashar ji ta farko da tashoshin da ke binta da ita kanta jijiyar ji suna sahun gaba. Ƙwayoyi masu gashi na katantanwa kuwa galibi yakan bar su. Kin ga yadda gwajin farko zai ce lafiya lau.

Gwaji na biyu, wanda ake rubutawa ABR, shi ke bin saƙon zuwa ciki. Ana sa wa yaro abin ji a kunne yana yin ƙas-ƙas-ƙas sau dubbai, wayoyin da aka manna a goshi da bayan kunne suna ɗaukar wutar da jijiyoyi ke fitarwa, kwamfuta ta tara ta zana. A mai lafiya tudu biyar ke fitowa cikin kashi 6 zuwa 7 cikin 1,000 na daƙiƙa. Na 1 da na 2 daga jijiyar ji suke, na 3 galibi daga tashar farko, na 5 daga can sama. Tudun nan ba ya fitowa sai dubban zaruruwa sun harba a tare. In kowanne ya harba a nasa lokacin, wani ya riga wani ya makara, sai zanen ya fito a shafe ko a karkace, alhali sauti yana shiga. Wannan yanayi likitan jijiya Arnold Starr da abokan aikinsa a Amurka suka ba shi suna a 1996, za ki ji likitoci na cewa oditori niyurofati, a takarda kuma ANSD. Manyan da ke da shi, waɗanda za su iya faɗin abin da suke ji, kusan bakinsu ɗaya: ina jin ana magana, ban san me ake cewa ba. Wata rana da dama-dama, wata rana babu, in da hayaniya kuwa abin ya ƙara lalacewa. Bugun ƙofa ba ya bukatar agogo mai kyau, ƙara ce kawai, shi ya sa yake waiwayawa. Sunansa kuwa sai an jera baƙi da wasali a kan lokaci.

Don haka kada ki ga laifin kakarsa. Wanda ya ga yaro ya juya don babur bai juya don uwarsa ba, dole ya ce miskili ne. Amma shawarar a jira, ita ce ban yarda da ita ba ko kaɗan. Tashar nan da amfani take ginuwa. David Ryugo da abokansa sun nuna a 2005 cewa kyanwoyin da aka haifa kurame, ƙaton bakin nan na Held yakan lalace musu, amma waɗanda aka dasa wa na'urar ji suna ƙanana, bayan wata 3 mahaɗar ta koma kusan daidai. Ƙa'idar da masana jin yara ke bi ita ce a gwada jariri kafin wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Naku ya wuce nan, amma shekarun farko uku su ne kakar koyon harshe, kuma har yanzu yana cikinta.

Abin da zan so a yi masa: a maimaita ABR, domin wasu yaran da shawara ta taɓa sukan samu sauƙi a shekara ta farko zuwa ta biyu, kuma sai an kwatanta sabon zane da tsohon ake ganewa, saboda haka ki adana takardun. A yi masa gwajin ji na ɗaki, wanda ake kunna sauti a ga ko zai juya, domin a wannan yanayi ABR ba ya faɗin iyakar abin da yaro ke ji, wani zanensa a shafe amma yana jin ƙaramar ƙara. In da hali a ɗauki hoton MRI a ga jijiyar ji da ƙwaƙwalwa. Likitan yara kuma ya duba tafiyarsa da riƙonsa da yadda yake ɗaga ido sama da haƙoransa, domin bilirubin yakan taɓa cibiyar sarrafa motsi ma, ko da yake akwai yaran da ji kaɗai ya shafa. Za ku iya farawa da ɓangaren kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, in ana bukatar ƙarin gwaji akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Na'urar ƙara ji tana taimakon wasu, wasu ba ta yi musu komai, tunda ƙara sauti take yi ba gyara lokaci ba. Gwadawa ake yi a hannun masani ana lura, kada a saya a kasuwa a liƙa masa, katantanwarsa lafiyayya ce, ƙara mai yawa na iya lalata ta. Na'urar da ake dasawa a cikin katantanwa ta fi dacewa da matsalar a tunani, domin wutar da take bugawa tana tilasta wa zaruruwa su harba a tare, kuma yara da yawa masu wannan yanayi sun samu magana da ita. Amma tana da tsada ƙwarai, tana bukatar horon magana na shekaru, kuma sakamakonta ya danganta da yawan ɓarnar da ke gaba da jijiyar. Za ki iya cin karo a intanet da wata wadda ake ɗorawa a kan ita tashar farko kai tsaye. William House da William Hitselberger suka fara dasa ta a Los Anjalas a 1979, ga wata mata da ƙari ya raba ta da jijiyoyin ji duka biyu. An yi ta ne don wanda jijiyarsa ta yanke ko aka haife shi babu ita alhali tasharsa lafiya. Wanda shawara ta taɓa, tashar ce ake zargi, don haka ba a nan za ki sa rai ba.

A gida kuwa, tun yau, ki riƙa durƙusawa daidai fuskarsa in za ki yi masa magana, cikin haske, ya ga bakinki. A kashe rediyo da talabijin lokacin, a nisanci janareta. Gajerun jimloli, a hankali, ba da ihu ba, ihu ƙara dagula sautin yake yi. Ki haɗa da nuni da hannu, kuma in an ba ku shawarar maganar hannu ta kurame kada ki ɗauka an yanke ƙauna ne, ba ta hana yaro magana da baki, harshe take ba shi kafin a ga inda jinsa zai tsaya. Ke malama ce, wannan ɓangaren kin fi ni iya shi. Man zafi ko ruwan ganye ko wani abin ɗigawa kuma kada a zuba masa, ciwon ba a ramin kunne yake ba.

Sai batun ƙannensa in Allah ya kawo. Shawarar da ta kai ga canjin jini tana da dalili, kuma dalilin kan maimaitu a gida ɗaya. A duba rukunin jininki da nasa, a kuma gwada shi ko yana da ƙarancin sinadarin G6PD mai kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa, matsalar da ta yawaita a Najeriya musamman ga 'ya'ya maza. Jaririn da ke da shi, kafur ɗin da ake sawa a akwatin kayan jarirai yana fasa masa jini, haka lalle in an shafa masa. Ki gaya wa ma'aikatan awo tarihin wannan yaron tun kina da ciki. Bayan haihuwa a riƙa duba idon jariri da dasashinsa a hasken rana kullum a makon farko, kada a bar shi a ɗaki mai duhu har ranar suna. In ɗorawa ta bayyana a ranar farko, ko ta sauko har ciki da ƙafafu, ko ya ƙi kama nono, ko kukansa ya sirance yana banƙarewa, asibiti za a nufa a ranar, a auna jinin a sa shi a fitilar shawara. Ruwan gulukos da shanya jariri a hantsi ba sa sauke bilirubin da ya kai wannan matsayi.